Shin sunan sakandaren da yaro ya yi yana buɗe masa ƙofar jami'a a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, shekararmu huɗu ke nan a birnin Houston na jihar Texas. 'Yata tana aji na 9 a makarantar gwamnati ta unguwarmu, kuma tana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Maƙwabta suna ce mini idan ina son ta sami babbar jami'a, sai mun koma unguwar da ke da sakandare mai suna, ko da kuɗin haya zai ƙaru. Shin jami'o'i suna duba sunan makaranta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yarinyar albarka. Jami'o'i suna duba makarantar da ɗalibi ya fito, amma ba ta fuskar da maƙwabtanki suke zato ba, kuma a Texas musamman, sauya mata makaranta zai iya jawo mata asara.

Mu da muka taso a Najeriya mun saba da tsarin JAMB, inda maki a cikin 400 da kiredit biyar na WAEC ko NECO suke kan gaba, sannan a duba jihar da mutum ya fito. A manyan jami'o'in Amurka kuwa, mai karanta takardun ɗalibi yana karɓar wata takarda daga sakandaren, wadda take bayyana yawan ɗalibanta, da darussan da take koyarwa, da yadda take ba da maki. Da wannan takarda ake auna yaro. Tambayar da suke yi ita ce: daga cikin abin da makarantar ta tanada, me wannan yarinya ta ɗauka, kuma yaya ta yi da shi? Idan makaranta tana da darussan AP guda huɗu, wato darussan da suka kai matakin shekarar farko ta jami'a, ɗaliba ta ɗauki dukansu ta ci, to ta nuna ƙwazo fiye da wadda makarantarsu take da ashirin amma ta tsinci biyu masu sauƙi.

Abin da ya fi shafarki shi ne dokar da majalisar Texas ta yi a 1997, wadda ta ce duk ɗalibin da ya gama sakandare a jihar yana cikin kashi 10 cikin ɗari na sama a ajinsu, kuma ya cika darussan da aka shar'anta, yana da gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar. Dokar ba ta bambanta makarantar masu kuɗi da ta talakawa ba. Jami'ar Texas da ke Austin, saboda yawan masu nema, an ba ta dama tun daga gyaran da aka yi wa dokar a 2009 ta taƙaita wannan hanya ga kashi 75 cikin ɗari na guraben 'yan jihar, shi ya sa ta tsaurara ma'auninta zuwa kashi 6, sannan zuwa kashi 5 ga masu shiga a 2026. Ki lura da ma'anar wannan, Hajiya: 'yarki da take sahun gaba a makarantar unguwa tana iya riƙe da makullin da za ta rasa idan ta koma inda ɗalibai ɗaruruwa suke gogayya a kan maki guda, ta tsinci kanta a tsakiyar aji. Sai dai gurbin kai tsaye na shiga jami'a ne kawai, bai tabbatar mata da fannin da take so ba, musamman injiniyanci da kimiyyar kwamfuta.

Ba zan ɓoye miki ba, makarantu masu hali suna da fifiko na gaske, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Fifikon yana wajen jami'in ba da shawara, wanda yake rubuta wa ɗalibi takardar shaida. Ƙungiyar masu wannan aiki a Amurka ta ba da shawarar jami'i ɗaya ga ɗalibai 250, amma matsakaicin ƙasar ya haura 350, alhali a wasu makarantun kuɗi jami'in ya san kowane yaro da sunansa da halinsa. Binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa 'ya'yan kashi 1 cikin ɗari mafi arziki sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali fiye da sau biyu wajen shiga fitattun jami'o'i masu zaman kansu, ko da makinsu na SAT ko ACT, wato jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, iri ɗaya ne, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne irin yabon da ake samu a takardunsu kan abin da ba na aji ba.

Wannan giɓi ana iya rage shi ba tare da tashi daga gida ba. Ki je makarantar da kanki a wannan zangon, ki nemi ganin jami'in da aka haɗa 'yarki da shi, ki tambaye shi matsayinta a aji, da darussan AP da ake da su, da ko akwai tsarin ɗaukar darussan kwaleji tun tana sakandare, wanda ya yaɗu a Texas. Ita ma ta riƙa zuwa wurinsa a kai a kai, domin ya san ta kafin ta kai aji na 12. Ta kuma shirya wa SAT da kyau, tun da jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin jarrabawar a 2022, Harvard da Yale da Dartmouth suka bi sahu a 2024, kuma maki mai kyau daga makarantar da ba a san ta ba yana ɗaukar hankalin mai karanta takardun ɗalibi.

Inda kawai zan goyi bayan sauyi shi ne idan makarantar ba ta koyar da babban lissafi ko fiziks ɗin da fannin da take buri yake buƙata, ko kuma babu tsaro da natsuwar karatu. Idan hakan ta kasance, a yi sauyin a ƙarshen aji na 9, kafin darussa masu nauyi su fara, domin malaman da za su rubuta mata shaida su sami shekarun da za su san ta.