Amsar Kawu: Wa Ake Yi Wa Wasa Da Sunan Garinsu?

Ɗana, saƙonka ya iske ni bayan la'asar. Ka ce ka kira abokin karatunka Bagwari ya ɓata rai, alhali Kanawan ajinku kullum suna kwaikwayon "shina" da "mi" ɗinmu na Sakkwatawa ba ka taɓa jin haushi ba. Kana tambaya ina laifinka.

Bakano in ya taɓa ka, kana da abin ramawa, shi ya sa ba ta yi maka zafi. Wasa kuma yana da masu shi tun kaka da kakanni: Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bakatsine da Bakabe, Bagobiri da Bayarabe. Lokacin da nake da rumfa a tsohuwar kasuwa, akwai wani Bayarabe mai kwanuka. Da ya hango maƙwabcina Bagobiri da tsagensa har kunne, sai ya ɗaga murya: "Bawana, zo ka ɗaukar mini kaya!" Shi ko ya ce, "Yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa?" Muharram na kamawa su yi ta jayayya kan wanda zai biya kuɗin shara. Ranar da ɗan Bagobirin ya rasu, Bayaraben nan rufe rumfarsa ya yi, kwana uku yana kan tabarmar makoki.

Kai da wannan yaro babu irin wannan tsakaninku. Ka kuma san abin da muke nufi in muka ce mutum yana gwaranci, shi ma ya sani. Su Gbagyi suke kiran kansu, to ka kira shi haka. Ibo kuwa ka ce Ibo. Inyamuri daga "ba ni ruwa" na harshensu aka samo shi, kuma tun yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kalmar ta yi nauyi a kunnensu. Mutanen Zuru da muke ce wa Dakarkari, Lelna ne sunansu; wasu ba su damu ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Arne kam kada ma ya fito bakinka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne "banza bakwai" da aka koya muku a makaranta, har da Kabi da Zamfara a ciki. Kabin da Kanta ya gina Surame, ganuwarta ta dutse tana nan har yau a jiharmu, ita ce banza?

Ka tuna shekarar da ka dawo daga Legas kana huci don wani direba ya ce maka "aboki"? Kalmarmu ce mai kyau, amma ka ji yadda ya faɗe ta.

Gobe ka same shi shi kaɗai, ba gaban jama'a ba, ka ba shi haƙuri. In kun shirya, ka zo da shi gida ranar Juma'a a dama muku fura. Ka gaida mahaifiyarka.