Amsa: da me za a fara kwas ɗin adabin bayan mulkin mallaka, ra'i ko matani?

Malama, kin tambaya me ya sa ɗalibai ke cika takardar jarrabawa da sunayen masana ra'in wannan fanni, Said da Bhabha da Spivak, amma ko shafi ɗaya na labaran kwas ɗin ba su taɓa ba. Matsalar daga tsarin makonni take. Idan aka kwashe makonni huɗu na farko ana bayanin ra'i, ɗalibi ya riga ya gane cewa haddar kalmomi ce ke kawo maki, sai ya nemi taƙaitaccen bayani a intanet ya huta.

Ki fara da matani, kuma kada su wuce ƙagaggun labarai huɗu a zango guda. Ki jera su bibbiyu. Mister Johnson na Joyce Cary (1939) ya zo tare da Things Fall Apart na Achebe (1958). Cary jami'in mulkin mallaka ne da ya yi aiki a Borgu, kuma a Arewa ya kafa labarinsa, don haka ɗalibanmu za su gane inda ya karkata ba sai an nuna musu ba. Bayan sun karanta ne za ki kawo gabatarwar littafin Said, Orientalism (1978), gabatarwar kaɗai ta isa a matakin digiri na farko.

Inda nake so ki daɗe shi ne Ganɗoki na Bello Kagara. Yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar rubutun Hausa da Rupert East, Baturen jami'in ilimi, ya shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Jarumin ya fara da yaƙar Turawa a ɓangaren Sarkin Kontagora, ya shiga duniyar aljanu, sannan ya dawo yana yabon sabon zamanin da Turawa suka kawo. Ki sa su karanta farkon da ƙarshen a aji ɗaya, ki tambaye su: wa ya buga littafin, don wa, kuma me marubucin ba zai iya faɗa ba? Wannan zaman ya fi lacca uku a kan Bhabha amfani. Abin takaici ne a ce sashen Turanci da sashen Hausa suna makwabtaka amma littafin bai taɓa ƙetarawa ba.

Daga nan rikicin harshe, wato da wane harshe ya kamata marubucin Afirka ya yi rubutu, zai zo da kansa: taron marubutan Afirka na Makerere a 1962, maƙalar manazarci Obi Wali ta 1963, da Decolonising the Mind na Ngugi (1986). Mako biyu sun isa.

Wajen gwaji, ki daina tambayar "tattauna ra'in wane". Ki buga shafi ɗaya daga littafin da ake karantawa, ki raba, su yi sharhi a cikin minti 30, kowace magana da hujjarta daga layin. Ki yi haka sau uku kafin jarrabawa. Idan ajin ya yi yawa, ki raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da babinsa, amma ke za ki zaɓi mai gabatarwa a ranar, in ba haka ba mutum ɗaya ne zai karanta wa sauran.