Likita, duk abin da na karanta a waya sai in ji shi a jikina

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jihar Kaduna. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 nake raba dare a Google ina duba alamomin korona. Yanzu gabana faɗuwa yake yi, numfashina ya sarƙe, yatsuna kamar ana tsira musu allura. Na kamu ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Ban duba ki ba, amma wannan ya fi kama da firgici. Idan tsoro ya kama mutum, jiki kan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri. Saurin numfashin nan yana rage iskar kabon da ke cikin jini, shi ke kawo tsirar yatsu da jiri. Yawanci cikin minti 10 yake kai maƙura, sannan ya fara lafawa.

Google bai san shekarunki ba, bai kuma taɓa goshinki ba. Ki rubuta masa ciwon kai, zai jero miki sanƙarau da ƙari a ƙwaƙwalwa, idonki kuwa kan mafi muni zai tsaya. Binciken nan susar ƙazwa ce: daɗin ɗan lokaci, ƙaiƙayin ya dawo ya fi na da. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis. In ya kai 38, ga busasshen tari, ko kin daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ki nemi a yi miki gwajin korona. In numfashi ya gagara ko kina zaune, ko ciwon ƙirji ya ƙi saki, asibiti kai tsaye. In babu ko ɗaya, ki duba labarin cutar sau ɗaya da rana, kada ki hau gado da waya.

Tambaya: Likita, ni ɗan Poli ne daga Tudun Wada. Kwana biyu ina zazzaɓi. A guruf ɗinmu na WhatsApp an ce kulorokwin da tafarnuwa na maganin korona. In sha?

Amsa: A'a ƙanena. A Maris ɗin 2020 sai da aka kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirki kulorokwin, ga shi yana iya rikita bugun zuciya. Mun manta da ruwan gishirin Ebola na 2014 ne? Ka sa takunkumi ka je a gwada maka maleriya, minti 20 ya isa, a kuma duba ko kana buƙatar gwajin korona.

Tambaya: Ɗana na ajin ƙarshe na sakandare, yana jiran WAEC. Ba ya barci, kullum karatun cututtuka a waya, yana wanke hannu har fatar ta tsage. In ƙwace wayar? Daga Rigasa.

Amsa: Hajiya, in kin ƙwace, ta abokinsa zai ara. Kada kuma a ce masa raki ne, tsoron da yake ji na gaske ne. Ku zauna ki ji abin da ya karanta, ku tsayar da lokacin ajiye waya bayan isha'i, ki riƙa sa shi aikin da zai motsa jiki. Amma wankin hannun da ya kai ga tsaga fata ya wuce tsafta. In an yi mako biyu haka, ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Na san mutanenmu na tsoron sunan wurin, alhali masu damuwa da rashin barci ma can ake duba su, a sallame su ranar su koma gida.