Tambaya da Amsa: Umarnin gyara ƙ da ɗ da ɓ a cikin Inkscape

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon zane, katin ɗaurin aure da fosta da takardar walima nake yi. Yawancin kwastomomi ta WhatsApp suke turo rubutunsu, sai ka ga k'asa da d'aurin aure da b'angare, babu lanƙwasa ko ɗaya. Ni nake bi ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa, ranar da aiki ya yi yawa sai wani ya kuɓuce mini har a buga. Kwanan nan na koma aiki da Inkscape, aka ce mutum zai iya ƙara nasa umarnin a menu. Da gaske ne, ko sai ƙwararren mai rubuta manhaja? Daga mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gaske ne, kuma aikin da kake so yana cikin mafi sauƙi. Shawarata kada ka fara daga tushe. Inkscape ya zo da wani umarni mai mayar da rubutu manyan baƙaƙe, shi za ka kwafa ka sauya masa aiki.

Kusan duk abin da kake gani a ƙarƙashin menu na Extensions fayil biyu ne. Na farko sunansa yana ƙarewa da .inx, shi ne yake gaya wa Inkscape sunan umarnin da inda zai zauna a menu. Na biyu yana ƙarewa da .py, an rubuta shi da harshen Python, shi ne mai yin aikin. Idan ka danna umarnin, Inkscape yana miƙa masa zanenka, ya gyara, ya dawo da shi. A Windows ba sai ka sauke Python daban ba, tare suke zuwa. Abu ɗaya dai: tun fitowar Inkscape 1.0 a 2020 aka koma Python 3 aka sake tsarin, don haka tsofaffin darussa na zamanin 0.92 za su ruɗa ka. Ka bar su.

Shiga foldar da aka girka Inkscape, ka bi share, inkscape, extensions, ka nemo text_uppercase.inx da text_uppercase.py. Kada ka gyara su a nan. Buɗe Inkscape, je Edit, Preferences, System, za ka ga layin User extensions da adireshin foldarka ta kanka. Can za ka kai kwafinsu, ka sauya musu suna zuwa lankwasa.inx da lankwasa.py.

Buɗe na .inx da Notepad. Wuri huɗu za ka taɓa. Tsakanin alamomin name ka rubuta abin da kake so ya fito a menu, misali Gyara Lanƙwasa. A id ka sa wani suna da babu mai irinsa, kamar shagona.lankwasa, domin idan ka bar na asali za su yi karo. Inda aka rubuta submenu name="Text" ka cire kalmar Text ka sa kalmar Hausa, ta haka za ka samu reshenka a cikin Extensions. A can ƙasa kuma, inda aka ambaci text_uppercase.py, ka sa lankwasa.py.

A cikin na .py layi ɗaya tak ya shafe ka, wanda ya ce return text.upper(). Mayar da shi haka:

return text.replace("k'", "ƙ").replace("d'", "ɗ").replace("b'", "ɓ")

Ka ci gaba da jera su a kan layin don manyan baƙaƙe, K' ya koma Ƙ, D' ya koma Ɗ, B' ya koma Ɓ. Ka bar tazarar da ke farkon layin yadda ka same ta, Python ba ya wasa da ita. Wajen adanawa ka zaɓi UTF-8, kuma ka duba Notepad bai maƙala .txt a wutsiyar sunan ba. Sai ka rufe Inkscape ka sake buɗewa, don a lokacin tashi kaɗai yake karanta fayilolin .inx. Gyaran .py kuwa nan take yake kamawa. Idan umarnin bai fito ba, duba extension-errors.log a foldar saitunanka, yakan faɗi dalili.

To, nan ne nake so ka natsu, domin rubuta layin ba shi ne aikin ba. Kwamfuta ba ta jin Hausa, duk inda ta ga b da alamar ' tana biye da shi lanƙwasa shi za ta yi. Ɗauki sunan sana'arku ma: ɗab'i zai koma ɗaɓi. Maganinsa ka ƙara .replace("ɗaɓi", "ɗab'i") a ƙarshen layin, ya mayar da shi daidai bayan an gama. Haka idan katin na 'yan kasuwar da ke zuwa Abidjan ne, aka rubuta Côte d'Ivoire da Faransanci, za ka tarar da ɗ a tsakiya. Shi ya sa nake cewa ka riƙa zaɓar rubutun da kake so kafin ka danna, don in ba ka zaɓi komai ba, shafin gaba ɗaya zai bi. Su jama'a da ma'ana da Alƙur'ani babu ruwansa da su.

Akwai kuma alamar da take ɗan karkace, wadda Word da wasu wayoyi suke sakawa da kansu. A ido kusan ɗaya suke, amma a wurin kwamfuta baƙaƙe biyu ne daban. In ka danna ka ga bai motsa ba, yawanci ita ce. Ka sa .replace("’", "'") a farko, kafin sauran. Maganar 'y kuwa, a Najeriya haka muke barin ta, a Nijar ne ake rubuta ƴ. Idan kana samun aiki daga Maraɗi ko Damagaram, ka yi musu umarni na biyu da id ɗinsa daban, kada ka cakuɗa.

Na san yawancin shagunan Kano CorelDRAW suke riƙe da shi. Can ma ana yi, amma ta hanyar macro da harshen VBA, sannan a ja shi zuwa menu daga sashen Customization. Wannan hira ce ta wata rana.

Ba kowane salon rubutu ne yake da ƙ da ɗ ba, musamman masu ado da ake so a katin biki. Idan babu, Inkscape zai aro daga wani salon, harafin ya fito kamar baƙo a cikin dangi. Noto Sans da DejaVu Sans da Charis SIL duk suna da su, kuma kyauta ne. Ka danna umarninka tukuna, ka karanta katin da idonka, sannan ka yi Object to Path kafin ka kai wa masu injin. Da zarar rubutu ya koma zane, umarnin ba zai sake ganinsa ba.