Yaran Zango da karatun boko a Akra

Ɗan uwa na ga tambayarka kan yaranmu na Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a nan Ghana, wai shin makarantar gwamnati suke zuwa, kuma ana matsa musu karatu kamar yadda kuke yi a Kano. To amsar tana ga unguwar da yaro ya tashi ne, kuma abin da ke damuna kenan.

Tsarin dai bai yi nisa da naku ba, firamare shekara 6, sai JHS, wato ƙaramar sakandare, shekara 3, daga nan a zauna jarabawar BECE wadda WAEC ke shiryawa. Ana haɗa makin darussa 6, wanda ya samu jimilla 6 shi ne gwani, lambar na ƙaruwa sakamako na lalacewa. Tun 2005 kwamfuta ce ke raba yara zuwa babbar sakandare, kuma daga 2017 gwamnatin Akufo-Addo ta mayar da sakandaren kyauta, don haka yanzu ba kuɗin makaranta ake kuka da shi ba, wace makaranta za a jefa ɗanka shi ne abin da ke hana iyaye barci. Kowa na son manyan makarantu irin su Presec ko Achimota ko Accra Academy, ko Prempeh da Opoku Ware a Kumasi, kujeru kuwa ba su isa ba.

Mu a unguwanninmu na Nima da Mamobi in ka leƙa aji ɗaya na gwamnati wallahi sai ka sha mamaki, ga Bahaushe ga Dagomba ga Kotokoli ga Moshi ga Zabarma ga Fulani ga Frafra ga Ewe ga Ga 'yan asalin garin, Musulmi da Kirista a benci ɗaya, malama na koyarwa da Turanci, da an kaɗa ƙararrawa kowa ya fita ya koma Hausa wajen mai waakye, wato shinkafa da wake. Ɗiyata tana jin harshe huɗu kuma ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Amma Hausar da ta haɗa yaran nan ba ta cikin harsunan da ake jarabawa da su a BECE, harshen Ga ko Twi za su rubuta, ni kam wannan yana min ciwo ƙwarai.

Tsallaka titi kaɗan ka shiga Roman Ridge ko Cantonments ko Airport Residential, tafiyar ƙafa ce daga Nima amma wata duniya ce daban. Can masu hali yawanci ba sa kai 'ya'yansu makarantar gwamnati a matakin ƙasa, firabet suke kai su, sai an zo sakandare su dawo su cika manyan makarantun gwamnatin. Yaronsu an ɗaukar masa malamin lesin a gida, Asabar ma karatu, ana ta bitar tsofaffin tambayoyi ana gwajin jarabawa, in ya kawo 9 maimakon 6 gidan kamar an yi rashi. Matsi ne na gaske kuma ina tausayin yaran. Ajinsu akwai 'ya'yan baƙi daga ƙasashe daban daban, amma duk masu kuɗi ne, ɗan mai tura baro ba ya ciki.

Masu cewa yaranmu ba su da matsi ba su zauna da mu ba. Yaron Zango zai tashi da asuba, ya ɗebo ruwa, ya tafi boko, ya dawo ya wuce makarantar allo, Asabar da Lahadi ma can yake, yarinya kuma ta tsaya wa uwarta a tebur a kasuwar Nima har dare, sannan a ɗaki ɗaya da mutum shida za ta buɗe littafi, rediyon maƙwabci na tashi. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai iya duba littafin kowa ba. Da wannan kayan za su shiga jarabawa ɗaya da wancan yaron na unguwar masu hali.

Akwai abin da ya taimaka. Tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, makarantunmu da yawa sun shiga ciki, gwamnati na turo malamai ana haɗa Larabci da boko, shi ya sa iyayen da a da ke tsoron boko zai raba ɗansu da addini suka saki jiki. An kuma ware kashi 30 cikin 100 na guraben manyan sakandare don yaran da suka fito daga makarantun gwamnati.

Inda nake ganin laifinmu shi ne ranar cike takardar zaɓen makarantu. Uba na kasuwa, uwa ba ta iya karanta fom ɗin ba, sai a bar yaro ɗan shekara 15 ya zaɓa shi kaɗai, ko ya bi abokansa, ko ya ji tsoron rubuta babbar makaranta alhali makinsa zai kai shi. Yanzu a layinmu matasan da suka gama jami'ar Ghana ta Legon suna zama da iyaye a ƙofar masallaci bayan la'asar ana cike fom tare, ni ma in lokacin ya zo nakan rufe shago in je.