Takardar mai unguwa kaɗai ta isa a sayi gida a Zariya?

Malam, ka ce an yi maka tayin gida a Tudun Jukun, mai shi ba shi da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, kana tambaya ko ka biya. Kada ka biya tukuna. Karɓi kwafin duk takardar da ke hannunsa ka kai KADGIS, hukumar da ke kula da filaye a jihar Kaduna, a bincika maka ko akwai sunan wani a kan filin, ko ya faɗa cikin hanyar da gwamnati ta shata. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka takardar mai unguwa shaida ce kawai cewa an yi ciniki, ba takardar mallaka ba ce.

Sannan don Allah ka tambaya ko gidan gado ne, nan ne aka fi cutar mutane a garin nan. Yayana ya sayi gida a cikin Birni a hannun babban ɗa, ya zuba rufi sabo, har ya haƙa rijiya. Bayan shekara biyu sai ga ƙanwar mai sayarwan daga gidan aurenta, ta ce ba da saninta aka sayar ba, kuma gaskiyarta ce. Idan na gado ne, sai ka ga takardar rabon gado daga kotun shari'a, kuma kowane magaji, har mata, ya sa hannu a gabanka kafin ka ba da ko kafin alƙalami.