Ku Tambaya, Mu Amsa: Ayilan da Tallafin Matan Mamata da Iyaye Mata

Wasiƙun wannan makon sun karkata ga Ayilan, tsibirin da ke yamma da Ingila, wanda mafi yawansa ya fita daga hannun Birtaniya a 1922. Kuɗin da za mu riƙa ambata na zamanin sule da fam ne, irin wanda iyayenmu suka kashe kafin zuwan naira: sule ashirin fam guda.

Assalamu alaikum. Muna da ƙungiyar mata da ke tara taimako ga waɗanda mazansu sunka rasu. Na ji an ce a Ayilan gwamnati ce ke ba su kuɗi duk mako. Yaushe anka fara, kuma wa ke samu? Hajiya Luba, Mabera.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri. Fanshon matar mamaci ya fara ne da dokar 1935, sai dai ba za a gane darajarsa ba sai an ga abin da ke ƙasa kafin zuwansa.

A 1838 Turawan Ingila suka kafa dokar talakawa, suka raba Ayilan gunduma 130, kowace da gidan gajiyayyu guda. Ba a kai wa mutum taimako gidansa. Mai so sai ya kwashi iyalinsa ya shiga, kuma tun daga ƙofa ake raba su: maza gefe, mata gefe, yara gefe. Da gangan aka tsananta zaman, don kada kowa ya nufi wurin sai wanda wuya ta kai wa iya wuya. Da babbar yunwa ta faɗo daga 1845, bayan ciwo ya cinye dankalin turawa, har mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, gidajen suka cika maƙil. Dole a 1847 aka yarda a ba wasu abinci a waje, cikinsu har da matar mamaci mai 'ya'yan sunna biyu ko fiye. Mai ɗa guda ba ta ciki.

Fanshon tsufa ya zo da dokar 1908, sule biyar a mako ga wanda ya kai shekara 70. Nan ma an sha fama, domin sai a 1864 aka fara rajistar haihuwa a ƙasar, tsofaffin ba su da takarda. Sai aka koma duba littattafan ƙidayar 1841 da 1851, wasu kuma a tambaye su ko suna tuna babbar guguwar da ta yi ɓarna a Janairun 1839. Duk wanda ya taɓa neman shaidar shekarun wata gyatuma a ƙauyukan Gada ko Tangaza ya san irin wannan aiki. Amma dai mace 'yar shekara 35 da aka bar wa marayu shida ba ta da rabo a wannan fansho.

Dokar 1935, wadda ta zo shekara goma bayan ta Birtaniya, ta kasa fanshon gida biyu. Na farko na zubi ne, kamar adashi. Ma'aikaci yana da kati, duk mako mai ba shi aiki ya manna kan sarki a kai, wani kaso daga albashin ma'aikacin, wani daga aljihun mai aikin. In ya rasu kuma zubinsa ya cika, matarsa za ta karɓa ba tare da an leƙa tukunyarta ba. Na biyu na waɗanda ba su da zubi ne. Shi wannan sai jami'i ya zo ya ƙiyasta gona da dabbobi da duk wani abin da ke shigo mata, a rage mata gwargwadon haka, kuma a farko sai mai ƙananan yara ko wadda ta manyanta.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙasar ta ƙananan manoma ce, su kuwa manomi da mai shago da duk mai cin gashin kansa ba su da kati, domin ba a shigar da su tsarin zubi ba sai 1988. Saboda haka matan da suka fi yawa a karkara suka faɗa kashi na biyu, mai ƙarancin kuɗi da yawan bincike. Sannan da zarar ta sake aure, ko aka samu labarin tana zaune da wani, an yanke. Kuɗin kuma bai kai ya riƙe gida ba, shi ya sa kotuna suka ci gaba da tura 'ya'yan matalauta makarantun kwana na horo da coci ke gudanarwa, alhali uwarsu tana raye.

Yau ana neman zubin mako 260, na mamacin ko na matar, amma ba a haɗa biyun. Mazan da matansu suka rasu sun shiga fanshon zubi a 1994. Shawararmu ga ƙungiyarku ita ce ku yi rajistar mace da sunanta da adadin marayun da ke hannunta. In kuka ce sai ta kawo takardun aikin marigayi, matar manomi da matar ɗan acaɓa ne za su fara faɗuwa.

Gardama ta kaure tsakaninmu a ɗakin malamai: kuɗin tallafin yara, uba ya kamata a ba ko uwa? Yaya Ayilan ta yi? Malam Bello, Wamakko.

Malam, ta gwada duka biyun. A 1944 aka fara biyan kuɗin yara, sule biyu da sisi a mako ga ɗa na uku da waɗanda ke biye da shi, matuƙar ba su kai shekara 16 ba, kuma babu binciken abin hannu. Uba aka ba, a matsayinsa na mai gida. Aka faɗaɗa zuwa ɗa na biyu a 1952, na fari kuma a 1963. Shekara talatin ƙungiyoyin mata suna kukan cewa a gidan da miji ke shaye-shaye ko caca kuɗin ba ya isa bakin murhu. A 1974 aka mayar da haƙƙin karɓa ga uwa. Ga mata da yawa shi ne kuɗi na farko da suka taɓa karɓa da sunansu a gidan waya. Yanzu yuro 140 ne a wata kan kowane yaro.

Ra'ayinmu a nan bai ɓoyu ba: a ba wadda ke aunar hatsi da sayen magani. Wannan bai sauke wa uba nauyin ciyarwa ba.

Wadda mijinta ya tafi neman kuɗi ya yi ɓatan dabo fa, ba saki ba aike? Ko wadda ta haihu ba aure? Su ma ana ba su? Malama Saratu, Runjin Sambo.

Malama Saratu, kin taɓo wurin da ya fi ciwo. Kundin tsarin mulkin 1937 ya haramta saki gaba ɗaya, ba a ɗage haramcin ba sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1995. Maza kuwa dubbai ke tsallakawa Ingila ci-rani, wasu daga nan shiru. Matar tana nan, ita ba bazawara ba, ita ba mai miji ba, ba ta da damar zuwa gaban alƙali ya raba auren kamar yadda mace za ta yi a nan. Sai a 1970 aka ƙirƙiro alawus na matar da miji ya gudu ya bari. Sharuɗɗansa ma masu tsauri ne. Dole ta nuna shi ya tafi don kansa, ta nuna ta yi ƙoƙarin gano inda yake da neman ya ciyar da ita, sannan ta jira wasu watanni. Wadda duka ya kore ta daga ɗakinta takan sha wahalar tabbatar da cewa ba ita ta yi yaji ba. Matar ɗan fursuna ta samu nata alawus a 1974.

Wadda ta haihu ba aure kuwa, kafin 1973 ba ta da wani alawus nata. Dangi kan kai ta gidajen uwa da jariri da sistocin Katolika suka fi riƙewa, ƙananan hukumomi suna biyan kuɗin zamanta, a ƙarshe a raba ta da ɗan. Hukumar binciken da ta fitar da rahotonta a Janairun 2021 ta duba gidaje 18, ta ce mata kusan 56,000 da yara kusan 57,000 suka ratsa ta cikinsu, yara kusan 9,000 suka mutu a can. A garin Tuam kaɗai, wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, ta tattara takardun mutuwar yara 796 da ba a san kaburburansu ba. Shugaban gwamnati Micheál Martin ya nemi gafara a majalisa. Kowa na iya ƙyamar abin da ya jawo cikin, amma jaririn bai yi laifin komai ba, kuma shi ya fi kowa biya.

Bayan alawus ɗin 1973 mata da yawa suka iya riƙe 'ya'yansu. A 1990 aka fara haɗe waɗannan alawus-alawus wuri guda, a 1997 suka koma biya ɗaya ga duk mai renon yara shi kaɗai, mace ko namiji. An daina tambayar ta yaya miji ya fita daga gidan, aka koma tambayar yara nawa ne kuma me ke shigowa.

Ni ungozoma ce. Mi anka tanadar wa mai ciki da mai jego? Malama Hadiza, Gwadabawa.

Sannu da aiki, Malama. Dokar inshora ta 1911 ta ba da sule talatin in an haihu, ga ma'aikaciya mai kati ko matar mai kati. Babban rikici ya zo a 1950, lokacin da ministan lafiya Dakta Noël Browne ya kawo shirin kula da masu ciki da yara har zuwa shekara 16 kyauta, ba tare da tambayar ƙarfin aljihu ba. Ƙungiyar likitoci ta ƙi, don tana ganin kasuwarta za ta ragu. Bishop-bishop na Katolika, ciki har da John Charles McQuaid na Dablin, babban birnin ƙasar, suka ce gwamnati na kutsawa cikin hurumin iyali. Abokan aikin Dakta Browne suka zame, ya ajiye muƙami a Afrilun 1951. Dokar lafiya ta 1953 ta dawo da wani sashe na shirin, amma da binciken abin hannu. Shiri mai kyau ne aka fito da shi kafin a shawo kan masu faɗa a ji, kuma ma'aikatan rigakafi a ƙasar nan sun san yadda hakan ke ƙarewa.

Hutun haihuwa da doka ta kare ya fara a 1981 da mako 14. Yanzu mako 26 ne da biya, da ƙarin 16 ba biya ga mai so.

To matar aure da ke aikin albashi, ita ba ta da matsala ke nan? Alhaji Umaru, Tambuwal.

Ranka ya daɗe, tana da ita. Har zuwa 1973 ma'aikaciyar gwamnati in ta yi aure dole ta ajiye aiki. Malaman firamare mata an ɗage musu wannan tun 1958. Wadda ta ci gaba da aiki a kamfani kuma, in ta rasa shi, kuɗin rashin aikin da ake ba ta bai kai na namiji ba, kuma ya fi saurin ƙarewa, ko da zubinsu ɗaya, don doka na ɗaukar ta a matsayin wadda miji ke ciyarwa. Ƙungiyar ƙasashen Turai, wadda Ayilan ta shiga a 1973, ta ba da wa'adin Disambar 1984 a daidaita. Gwamnati ta makara, wasu mata biyu, McDermott da Cotter, suka kai ƙara har kotun Turai suka yi nasara a 1987, daga baya aka biya mata dubbai bashin da suke bi.

Tabon dokar barin aiki bai goge ba. Matan da aka sallama ranar aurensu sun tsufa da katin zubi mai giɓi, fanshonsu ya fito kaɗan. Tsarin da aka kawo a 1994 yana yafe har shekara 20 da mutum ya yi a gida yana reno, amma da farko bai waiwayi shekarun da suka gabaci 1994 ba, waɗanda su ne ainihin shekarun da waɗannan mata suka rasa.